Yatsun Mai Garaya

A Omdurman, ƙetaren kogin Nilu daga Khartum, akwai abin kiɗa da mutanen Sudan suke kira tambur, Nubiyawa kuma suna ce masa kisir. Wata irin garaya ce mai tsirkiya biyar. Marigayi Muhammad Wardi, wanda ya rasu a Khartum a 2012, ya yi waƙa da ita. Hannun dama yakan bugi tsirkiyoyin duka a lokaci ɗaya, yatsun hagu kuwa suna danne su ta baya. Wadda aka ɗage wa yatsa ita kaɗai take ba da amo. Makaɗin da bai san inda kowane yatsansa yake ba, hayaniya kawai zai yi.

Masu yoga ma a kan sanin jiki suke horar da mutum. Daga Indiya wannan horo ya fito, ya bazu har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa ranar 21 ga Yuni a 2014. Ana koya wa mutum ya natsu, ya lura da numfashinsa, ya gane inda jijiya ta ɗaure. To, ɗan'uwa mai karatu, ya dace Kirista ya kasa kunne ga jikinsa haka?

Waɗansunmu sun ɗauki jiki abokin gaba. Mai bishara yakan yi aiki ba barci har ya faɗi, mu ce himma ce. Amma Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa su ɗauki jikinsu mazaunin Ruhu Mai Tsarki. Sa'ad da Iliya ya karai har ya roƙi mutuwa, abinci da barci aka fara ba shi, kafin Ubangiji ya yi magana da shi a Horeb. Hausawa sun ce jiki magayi. Wanda ya san yadda fushi yake tasowa a ƙirjinsa zai iya danne harshensa kafin ya yi ɓarna, kamar yadda yatsa yake danne tsirkiya.

Batun nan ba na masu hutu ba ne kawai. Yaƙin da ya ɓarke a Khartum a watan Afrilu na 2023 ya raba miliyoyin mutane da gidajensu. Wanda ya kwana cikin ƙarar bindiga, jikinsa yakan yi rawa ko da ƙofa aka buga. Kada ikkilisiya ta ce masa rashin bangaskiya ne. A zauna da shi, a bar shi ya ja numfashi, sa'an nan a yi addu'a tare.

Duk da haka sai mu yi hattara. Tushen yoga yana cikin addinan Indiya. Miƙa gaɓoɓi da lura da numfashi ba laifi ba ne, amma in an kai ga kiran sunan wani abin bauta, Kirista ya tsaya. Akwai kuma haɗarin mutum ya yi ta sauraron kansa har ya manta da maƙwabcinsa.

Dawuda ya san yatsunsa, amma don Saul ya sami sauƙi ya kaɗa garayar. Mu ma mu san jikinmu, domin ya yi wa Allah da maƙwabci amfani. Ubangiji ya taimake mu.