Tsarabar Amo

Idan ɗanmu ya dawo daga karatu a ƙasar waje, abin da muke fara tambayarsa shi ne tsaraba: me ka kawo mana? Likita da injiniya suna da amsa a hannu. Wanda ya karanci falsafa da ilimin halayyar ɗan Adam kuwa, sai ya yi ta sosa ƙeya, mu kuma mu ce ya ɓata shekarunsa. Labarin Anton Wilhelm Amo ya sa mun fara shakkar wannan hukunci namu.

An haifi Amo a yankin Axim, cikin Ghana ta yau. Yana ƙaramin yaro aka kai shi Turai, ya tashi a fadar wani basarake a Jamus. Ya shiga Jami'ar Halle a 1727. Bayan shekara biyu ya tsaya gaban malamai ya yi muhawara kan haƙƙin baƙar fata a Turai, a daidai lokacin da jiragen bayi ke lodi a gaɓar tekun da ya fito. A 1734 ya sami digirin dakta a Wittenberg da kundi kan alaƙar jiki da hankali. A ganinsa, jiki ne ke jin zafi da raɗaɗi. Hankali yana sane da su, amma ba ya shan su. A nan har Descartes ya yi wa gyara. Daga baya ya koyar a Halle da Jena.

Wajen 1747 ya koma gida. Wani likitan jirgin ruwa da ya iske shi a Axim bayan wasu shekaru ya ruwaito cewa yana zaman kaɗaici, jama'a na ɗaukarsa mai duba, kuma yana da ɗan'uwa da ke bauta a Suriname.

To, me ya kawo? Rubuce-rubucensa da harshen Latin suke, kuma Latin ba ya kwance mari daga ƙafar bawa. Wannan gaskiya ne. Sai dai mutumin da ya tsayar da hujja a gaban waɗanda ke musun hankalin baƙar fata bai dawo hannu rabbana ba. Babu dai jami'ar da za ta karɓe shi a gida, sai aka ba shi matsayin da aka sani, na mai duba. Mu ma haka muke yi wa namu: mu tura su aikin ofis, sannan mu yi ƙorafin ba su tsinana komai ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne kundin nan. Da yake zaune a Axim yana tuna ɗan'uwansa, anya bai sake duba batun cewa hankali ba ya shan raɗaɗi ba?