Har Ungulu Tana da Aiki a Gonar Allah

Karatun yau: 1 Korintiyawa 12:14-26, Farawa 2:15

 Kafin a kaɗa ƙararrawa kowa ya nufi aji, ku zo mu sauka bakin kogin Mayo Gwoi da idon zuci, mu ɗan tsaya shiru.

Ga ciyawa nan a gaɓa, raɓa ba ta bushe a kanta ba. Saiwarta na tsotsar ruwa, ganyenta na zuƙar iskar kabon, da hasken rana take haɗa abincinta, sannan ta sako mana oksijin da muke shaƙa. Fara ta sauka ta fara gaigayar ganyen. Ƙadangare na kan dutse yana gyaɗa kai, sai caraf ya cafke ta. Bai gama haɗiya ba shirwa ta kawo sura. Wannan ita ce sarƙar abinci da kuke zanawa a darasin bayoloji. Daga wannan mataki zuwa wancan, wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin ne kawai ke tsallakawa, sauran ya tafi a motsi da numfashi da zafin jiki. Shi ya sa ciyawa ta cika gaɓa, fara ba ta kai ta yawa ba, shirwa kuwa ɗaya ce ko biyu ke shawagi. Na sama duk ƙarfinsa, a kan na ƙasa yake tsaye.

To, in shirwar ta mutu, wa zai kwashe ta? A nan ne masu aikin ɓoye ke shigowa. Gara na cinye busasshen itace, tana na juya ƙasa, buzuzu na mirgina kashin shanu ya binne, fumfuna da bakteriya suna ruɓar da abin da ya saura ya koma taki, takin ya koma cikin ciyawa. Babu mai yi musu kirari, amma da za su ajiye aiki, da gawa da ganye sun taru sun rufe mu, gona kuma ta daina bayarwa.

Ina yaro, in Mama ta aike ni kwata sayen nama, nakan tarar da ungulaye a jere a kan rufin kwano, kai sanƙo, wuya a tuɓe, suna jiran abin da mahauta za su watsar. Ni da abokaina mukan jefe su da duwatsu, domin mun ji manya na cewa ƙazamai ne. Yau da wuya in ga ko ɗaya, kuma abin na damuna. Ana farautarsu ana sayar da sassan jikinsu ga masu tsibbu, wasu kuma guba ce ke kashe su a jikin mushe. Tun shekarar 2015 aka saka irin ungulun nan ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Sai da na girma na san cewa ruwan cikinta na da tsamin da ke kashe ƙwayoyin cuta masu yawa. Abin da zai zama mana annoba, ita ke haɗiye shi. Ashe da gaske ne, ungulu ba ta jewar banza.

Indiya ta ga abin da ke biyo bayan rashinta. Daga shekarun 1990, wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diclofenac, ya riƙa lalata ƙodar ungulayen da suka ci mushen. Fiye da kashi 90 cikin 100 suka mutu. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, barazanar ciwon haukan kare ta ƙaru. A 2006 aka hana ba dabbobi maganin, amma an riga an yi ɓarna.

Yanzu ku koma ga karatunmu. Manzo Bulus ya kwatanta masu bi da jiki guda mai gaɓoɓi da yawa. Ya nuna cewa babu gaɓar da za ta kori 'yar'uwarta, waɗanda ake rainawa ma su ne ba a iya rabuwa da su, ciwon ɗaya kuwa ciwon duka ne. Maganar ikilisiya yake yi, amma Allahn da ya tsara ikilisiya shi ya tsara daji da kogi, kuma hannunsa ɗaya ne. Dubi jiharmu ta Taraba. Dazuzzukan Gashaka-Gumti, gandun daji mafi girma a Najeriya, su ke riƙe ruwan sama suna sakinsa sannu a hankali cikin Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Masunci a Ibi da ke bakin Binuwai bai taɓa hawa tsaunin Chappal Waddi na cikin gandun ba, amma komarsa na cin albarkacin itatuwan can. Da aka dinga sare madobiya, wadda 'yan katako ke kira Madrid, ana lodinta a manyan motoci zuwa tashar jirgin ruwa, ba itace kaɗai aka ɗauke ba. An ɗauke saiwar da ke riƙe ƙasa, da ganyen da makiyayi ke saro wa shanunsa da rani.

Littafin Farawa ya nuna cewa aiki biyu aka ɗora wa Adamu a gonar Aidan, noma da tsaro. Mun riƙe na farko da hannu biyu, na biyun muka sake shi. Ku ne za ku ɗauko shi. Kada ku karanta sarƙar abinci don WAEC kaɗai. Ledar da ba ka jefa a kwalbati ba, bishiyar da kika dasa kika yi mata shinge, tsuntsun da ka bari ya wuce ba ka ɗana masa danƙo ba, duk ibada ce.

Tambayar zuciya: Wace ce ungulu a rayuwarka? Baba mai gadi ne, ko Inna mai shara da ta riga ka zuwa makaranta, ko ɗan ajinku da kowa ke yi wa dariya? Yau ka gaishe shi da sunansa.

Addu'a: Ya Ubangiji, Mahaliccin ciyawa da shirwa da gara, ka gafarta mana duwatsun da muka jefi abin da ba mu fahimta ba. Ka buɗe idanunmu mu ga darajar masu aikin da ba a yabo. Ka sa mu zama amintattun masu tsaron ƙasar nan ta Taraba, mu miƙa ta ga na bayanmu da ranta. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.