Maganin da Yake Wasiƙa Ce: Wa Ke da Haƙƙin Karanta Ta?

A Bokle, kusa da Garwa, akwai cibiyar LANAVET wadda gwamnatin Kamaru ta kafa a 1983. Can ake haɗa allurar rigakafin shanu da awaki da kaji, har a sayar wa ƙasashe maƙwabta. Amma da annobar korona ta zo, duk allurar da aka yi wa ɗan Adam a Garwa daga ƙetare jirgi ya kawo ta, bayan masu ita sun gama yi wa nasu. Garin da ya iya yi wa saniya rigakafi sai ga shi yana jiran sadaka domin 'ya'yansa. Laifin wa ke nan?

Kafin amsa, mu fahimci irin maganin. A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai DNA, wanda yake kamar babban kundi da aka kulle a ɗaki. Idan jiki zai ƙera wani sinadari, sai a kwafo shafin da ake bukata a aika wa maƙeran da ke waje. Wannan kwafin shi ne RNA, wato wasiƙa ce da jiki ke yagewa da zarar an karanta. Masana sun koyi rubuta irin wannan wasiƙa. Ita ce a cikin allurar korona ta Pfizer da ta Moderna, kuma a kan aikin da ya share mata hanya aka ba Katalin Karikó da Drew Weissman kyautar Nobel a 2023. Sun kuma koyi tare wasiƙar da ke jawo cuta kafin ta isa, kamar yadda maganin patisiran, da aka amince da shi a 2018, yake yi.

Abin ya zo har ƙofar gidanmu. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da Casgevy, maganin amosanin jini, wato sikila. Ana ciro ƙwayoyin da ke haifar da jinin majiyyaci, wani guntun RNA ya yi wa almakashin gyara jagora zuwa inda za a yanka a kundin, sannan a mayar masa da su. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, fiye da sefa biliyan ɗaya ga mutum guda. Alhali mafi yawan jariran da ake haifa da sikila a duniya a Afirka suke. Uwar da ke kwana zaune da yaro yana kukan ciwon ƙashi a Marwa ko Yola, an ce mata magani ya samu, amma ba nata ba ne.

Mai kamfani yana da hujja, kuma adalci ne a saurare shi. Zai ce ya zuba dukiya shekara da shekaru, gwaji da yawa sun faɗi, in aka hana shi riba gobe ba wanda zai sake nema. Gaskiya ne, guminsa ba na banza ba ne. Sai dai ilimi ba buhun gero ba ne, wanda in ka ba wani naka ya ragu. Wanda ya kunna fitilarsa daga taka bai rage maka haske ba. Kuma ba shi kaɗai ya yi gumin ba: allurar Moderna da kuɗin gwamnatin Amurka da masana cibiyarta ta lafiya aka haɗa ta. Malamanmu sun daɗe suna tsawatarwa a kan abu biyu, ɓoye ilimin da mutane ke bukata da ɓoye abinci lokacin yunwa. Rufe sirrin magani a tsakiyar annoba ya haɗa duka biyun. A Oktoban 2020 Indiya da Afirka ta Kudu suka roƙi Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta ɗage haƙƙin mallaka na ɗan lokaci. Sai a Yunin 2022 aka amsa, shi ma rabi da rabi. Mai ilimi yana da haƙƙin lada, ba shi da haƙƙin kulle ƙofa mutane na mutuwa a bakinta.

To, amma mu ma kada mu wanke kanmu. Da a ce yau an miƙo wa Garwa sirrin kyauta, me za ta yi da shi? Allurar Pfizer da farko sai an adana ta a sanyin da ya kai digiri 70 ƙasa da sifiri, a garin da zafinsa ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu, wanda wutarsa kan yi rauni idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya. Casgevy kuwa sai asibitin da ya ƙware wajen dashen ɓargo. Wasiƙa ba ta amfanar wanda bai iya karatu ba. A farkon 2022 masana kamfanin Afrigen na Kef Tawun sun haɗa irin allurar Moderna daga bayanan da ke fili, ba tare da taimakon mai ita ba. Sun iya ne saboda ƙasarsu ta riga ta tara masana da kayan aiki. Zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma batun amana. Mutanen arewa ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba, kuma wannan tabon yana cikin abin da ke sa a gudi allura. Al'ummar da 'ya'yanta ke iya buɗe kwalba su tantance abin da ke ciki ba ta rayuwa a kan jita-jita.

Garwa tana da reshen Cibiyar Pasteur, tana da jami'ar da aka kafa a 2022 mai tsangayar likitanci, tana da Bokle. Hanyar haɗa allurar dabbobi daban take da ta RNA, amma tsafta da awo da haƙurin ɗakin gwaji iri ɗaya ne. Mu nemi masu sirri su buɗe, domin haƙƙi ne a kansu. Mu kuma tambayi masu riƙe da baitulmalinmu nawa suka ware wa yaran da za su karanta shi idan an buɗe. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.