Gyangyaɗi a Bakin Gadon Majinyaci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta.

Bayan haka, ya tabbata a cikin Buhari da Muslim, daga Nana A'isha, cewa Manzon Allah ya umarci wanda gyangyaɗi ya kama a cikin salla da ya je ya kwanta, domin kada ya tashi neman gafara ya ɓuge da zagin kansa. To, idan barci yana karkatar da harshen mai salla, ina ga hannun mai auna magani?

Wannan mas'ala ce da ta shafi mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun. A duk lokacin da cuta ta ɓarke, kamar annobar sanƙarau ta 2017 wadda ta fi tsananta a Jihar Zamfara, ko amai da gudawa a tsakiyar damina, majinyata sukan ninka, amma ma'aikatan jinya ba su ninkawa. Maganin yaro kuwa da nauyinsa ake auna shi. Idon da ya kwana biyu bai runtsa ba yana iya ɗaukar wannan kwalba a maimakon waccan, ko ya ba wani allurar wani.

Jinya aiki ne mai asali a Musulunci. A hemar Rufaida Ba'aslamiya aka yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ, a shekara ta 5 bayan Hijira. Kuma hadisin Abu Zarri ya hana a ɗora wa mai hidima abin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa an ɗora, to, a kama masa. Ƙarin ma'aikata yana cikin abin da nas-nas na ƙasar nan suka nema da suka shiga yajin aiki a watan Yuli na 2025.

Saboda haka alhakin kuskure ba a wuyan ma'aikaci kaɗai yake ba. Shugaban da ya bar mutum ɗaya da ɗaki guda, da ɗan'uwan majinyaci mai tsawa a kansa yana cikin awo, kowannensu yana da kamasho. Shi kuma ma'aikaci, wajibi ne ya karanta sunan magani kafin ya bayar, ya faɗi gajiyarsa, kuma in ya yi kuskure ya bayyana nan take, domin ɓoyewa ha'inci ne.

Allah Ya ba majinyata lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.