Gado da Ƙaddara: Mas'alar Ciwon Ƙoda ga Masu Hawan Jini

Likitoci sun daɗe suna ganin wani al'amari mai ɗaure kai, wato mutum biyu su kamu da hawan jini suna tsara ɗaya, su sha magani iri ɗaya, su kiyaye abin da aka hana su daidai gwargwado, amma ɗaya ya tsufa da ƙodarsa lafiya lau, ɗayan kuwa tun bai kai hamsin ba a kai shi ga injin wankin ƙoda. A Amurka, inda aka fi ƙididdige abin, mutuwar ƙoda ta fi yawa ga baƙar fata fiye da farar fata har wajen ninki uku, kuma ko da yake talauci da ƙarancin kulawar asibiti suna da babban rabo cikin wannan bambanci, masana sun tabbata cewa akwai sauran wani sababi a ɓoye.

A shekarar 2010 aka gano shi. Akwai wata ƙwayar gado mai suna APOL1 wadda kowane ɗan Adam yake da ita, amma cikin nau'o'inta akwai guda biyu, G1 da G2, waɗanda kusan ba a samun su sai ga masu asali daga Afirka, musamman ta Yamma. Wanda ya gaji irin wannan nau'i daga uwa kuma ya gaje shi daga uba, haɗarin lalacewar ƙodarsa ya ƙaru. Kimanin kashi 13 cikin ɗari na baƙaƙen Amurka haka suke, kuma wani babban bincike da aka yi a Gana da Nijeriya, aka buga a 2024, ya sami haka ga kusan kashi 30 cikin ɗari na waɗanda aka gwada.

Abin da ya fi cancantar tafakkuri shi ne dalilin yaɗuwar waɗannan nau'o'i. Masana sun nuna cewa suna ba jini ƙarfin kashe wani jinsi na ƙwayar ciwon barci, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, wadda ta addabi ƙasashenmu har ta sa aka tashi ƙauyuka a yankin Anchau ta ƙasar Zazzau aka gina garin Takalafiya a zamanin Turawa. Ke nan abin da ya zama garkuwa ga kakanni, ya tsare su har suka hayayyafa, shi ne ya zama ibtila'i ga jikoki, kamar dai yadda gadon sikila daga mahaifi ɗaya yake ba da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wanda ya fahimci wannan ba zai yi gaggawar kiran wani abu cikin halittar Allah sharri tsantsa ba, domin ni'ima da musiba sukan zo a ƙunshi ɗaya, hikimar da ke ciki kuma takan ɗauki ƙarnuka kafin ta bayyana ga bayi.

To, a nan tambayar take: idan sababin cuta yana rubuce a jikin mutum tun yana cikin mahaifa, mene ne amfanin ƙoƙarinsa? Wannan ita ce tsohuwar mas'alar da malaman tauhidi suka yi ta fama da ita. Jabariyya sun ce bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan, Ƙadariyya suka ce shi ke halittar aikinsa, Ahlussunna kuwa suka tsaya a tsakiya, suka tabbatar da cewa Allah ne mahaliccin kome, alhali bawa yana da kasabi wanda a kansa ake yi masa hisabi. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya warware ta a aikace lokacin da ya nufi Sham ya ji labarin annoba ta ɓarke, ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya bayyana cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take.

Ilimin likitanci ya zo daidai da wannan matsaya ta tsakiya. Mafi yawan waɗanda suka gaji nau'o'in nan ta ɓangare biyu sukan gama rayuwarsu ba tare da ciwon ƙoda ba, cutar kuwa sau da yawa ba ta tashi sai wani abu na biyu ya taso da ita, kamar ƙanjamau ko wata cuta mai tayar da garkuwar jiki. Saboda haka wajibi ne ga mai hawan jini, musamman wanda aka taɓa yin ciwon ƙoda a danginsa, ya riƙa auna jininsa, ya kai fitsarinsa gwaji tun kafin ya ga kumfa a ciki ko ƙafa ta kumbura, ya rage gishiri, ya nisanci yawan shan maganin ciwon jiki da jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba. Jiki amana ne, kuma tawakkali na gaskiya yana zuwa ne bayan an riƙi sababi.

Akwai kuma wani haƙƙi da wannan ilimi ya ɗora wa masu lafiya. Wani bincike da aka buga a 2013 kan baƙaƙen Amurka masu hawan jini da ciwon ƙoda ya nuna cewa cutar ta fi saurin tsananta ga masu wannan gado, ko da an tsananta wajen saukar da jininsu. Ashe ke nan mutum na iya yin iyakar ƙoƙarinsa cuta ta rinjaye shi, don haka zalunci ne a ce wa majinyaci sakacinsa ne ya ja masa, kamar yadda jahilci ne a zargi iyaye da abin da su ma gadonsa suka yi ba da saninsu ba. Abin da ya hau kanmu shi ne mu sauƙaƙa wa talaka gwaji da magani, mu tallafa wa wanda kuɗin wankin ƙoda ya durƙusar da gidansa, mu kuma ƙarfafa malaman da ke neman magani, domin ba za a tambaye mu abin da muka gada a jini ba, za a dai tambaye mu abin da muka aikata bayan mun sani.