Mizanin Kashe Ƙwayar Cuta

Tsarki ya tabbata ga Mahalicci Mai hikima, wanda ya sanya wa jikin ɗan Adam garkuwa mai basira da hadda, har takan shaida maƙiyi da siffarsa ko da gawarsa kaɗai ta taɓa gani. A kan wannan baiwa aka gina rigakafin da ake yi da matacciyar ƙwayar cuta: a raba ta da ikon hayayyafa, a bar mata suturarta yadda take, domin jiki ya nazarce ta cikin aminci, ya yi tanadin ranar da mai rai za ta kawo farmaki.

A 1885 Louis Pasteur na Faransa ya busar da lakar zomaye masu ciwon haukan kare har dafinta ya yi rauni, ya yi wa yaro Joseph Meister allura da ita, Allah ya kuɓutar da shi. Daga baya Jonas Salk na Amurka ya rena ƙwayar shan inna a cikin tsokar ƙodar biri, ya jiƙa ta kwanaki a sinadarin fomalin. A nan al'amarin yake buƙatar mizani mai tsananin adalci, domin idan aka wuce kima siffar ƙwayar ta lalace, jiki bai koyi kome ba. Idan kuwa aka gaza, an ɗura wa lafiyayyen yaro cutar da ake neman tsare shi daga gare ta.

Ran 12 ga Afrilu 1955 aka shelanta nasarar allurar Salk, bayan gwajin da ya ƙunshi yara kimanin miliyan 1.8. Murna ba ta gama sauka ba sai ga jarrabawa. An sami ƙwaya mai rai a cikin allurar da kamfanin Cutter na Kalifoniya ya fitar. Yara kusan 40,000 suka kamu da rashin lafiya, kimanin 200 suka shanye, 10 suka rasu. Zuciya tana karaya idan muka tuna cewa iyaye ne suka kai su da hannuwansu, cike da kyakkyawan zato. Bincike ya nuna cewa tarkacen tsoka ne ya dunƙule, ƙwayoyi suka fake a cikinsa inda sinadarin bai kai ba. Subhanallahi, halittar da ido ba ya gani ta sami mafaka, ta kuɓuce wa lissafin masana!

Ba a watsar da ilmin ba, sai aka ƙara masa tsantseni, kuma a ganinmu wannan shi ne daidai. Aka wajabta tacewa sosai kafin jiƙawa, aka tsananta gwajin kowane rukuni kafin ya fita, gwamnatin Amurka kuma ta kafa sashe na musamman mai sa ido a kan irin waɗannan magunguna a wannan shekara ta 1955. Wannan allura ta Salk, bayan duk gyaran nan, ita ce ta shiga jadawalin rigakafin yara a Nijeriya a 2015, ana ba da ita tare da ɗigon baki na Albert Sabin.