Tausayin da Ke Ɗaure Ƙafa

Shekara talatin kakana ya yi yana takawa zuwa kasuwar Mai'adua duk ranar Lahadi, yana cinikin shanun da ake korowa daga Nijar. Da amosanin gaɓɓai ya kama gwiwoyinsa, sai muka shimfiɗa masa buzu a zaure, muka hana shi fita, hatta ruwan alwala gabansa muke kaiwa. Muka kira wannan biyayya. Kafin hunturu ya wuce, tsohon da ke dogara sanda zuwa masallaci ya koma ba ya miƙewa sai an kama shi.

Shin jinƙai ne a ɗauke wa mutum kowace wahala? Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi ba shi da jijiyar jini; daga ruwan gaɓa yake samun abinci, motsi ne kuma ke shigar da ruwan cikinsa. Yawan zama yana raunana tsokar cinya, wadda ke tallafe gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar manya, har da masu ciwo mai daɗewa, su motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, gwargwadon iko.

Gaskiyar magana, mu ne muka kasa jure ganin ɗingishinsa. Hankalinmu muka kwantar, shi kuwa muka raba shi da jama'arsa. Jinƙan gaske yana buƙatar mai jinƙan ma ya yi haƙuri.

Yanzu bayan la'asar nakan ce, "Kaka, mu taka." Ranar da gwiwa ta kumbura, ya huta, ranar da ta lafa, mu isa masallaci.